Ranar da Agogon Sakan Ya Tsaya

Ni na raɗa masa Sakan, kuma sunan ya bi shi har ya danne na yanka. Ɗan wana ne. Uwarsa ta rasu yana shekara shida, aka miƙo min shi da 'yar jaka mai riga biyu, aka ce, "Gwaggo, ga amana." Tun a makon farko na gane irin wanda Allah ya haɗa ni da shi. Yaro ne da in ka ce ya je ya dawo nan da minti goma, ko ya gama aiken a minti uku, zai tsaya a bakin ƙofa yana leƙen agogon maƙwabta har goman ta cika, sannan ya yi sallama. Na ce wannan ba yaro ba ne, sakan ne. Yau shekararsa hamsin da shida, furfura ta cinye masa gemu, amma ko 'ya'yansa aka tambaya sunan ubansu sai sun ɗan yi tunani.

Gyaran agogo ya koya, ba sai na faɗa ba. Shagonsa na layin masu gyara, tsakanin mai ɗinkin takalmi da mai yanka makulli, ɗan ƙuƙut, in ya miƙe hannuwa sai ya taɓa bango da bango. Tebur ɗaya, fitila ɗaya, farin ƙyalle a shimfiɗe, hantsaki, da ɗan madubin nan da ake maƙalawa a ido ɗaya, wanda ke mai da shi kamar zakaran da ya hango shaho. Doka ɗaya gare shi, ya gaje ta wurin tsohon da ya koya masa aiki: ba a miƙa wa mutum rabin aiki. In ya gyara agogo sai ya kwantar da shi kwana uku a aljihun tebur, yana gwada shi da lokacin labaran rediyo. In ya yi latti ko da minti ɗaya, mai shi zai zo ya koma hannu rabbana. Ka yi faɗa, ka yi magiya, ka rantse ka yarda da shi a haka, ba zai ba ka ba. Kafin alƙalami ma ba ya karɓa. "Aiki ya cika, kuɗi ya cika," iyakar karatunsa ke nan.

Na sha yin taƙama da wannan hali nasa a gaban mata. Ban san shi ne zai fitar da mu daga gida ba.

Gidan kuwa ba wani gida ba ne na a zo a gani. Ɗaki uku da falo, tsakar gida kamar tabarma biyu, famfo a lungu, da bishiyar lemun tsami da ba ta taɓa yin 'ya'ya sun wuce bakwai ba. Da lamunin banki ya saye shi, na shekara ashirin: shi yana ciki, takardun gidan suna wurinsu, yana biya wata-wata. Ranar da ya kawo ni in gani na ce, "To Sakan, tsakaninka da banki wa ke haya a gidan wa?" Ya yi murmushin nan nasa na gefen baki, ya buɗe ɗakin baya ya ce, "Gwaggo, wannan naki ne har ƙarshen rai." Ni kuwa lokacin na gama shekara talatin da ɗaya ina wanki da guga a asibiti, na binne miji ɗaya, na sallami ɗaya, ban ajiye ɗa ko jika ba sai bakina. Na shiga ɗakin nan na rufe ƙofa, na yi abin da ban yi ba ranar jana'izar mijin farko.

Matarsa, Uwar Biyu, mace ce mai sanyin magana da zafin aiki. Tana ɗinka kayan makaranta a falo, keken ɗinkinta na kuka tun safe har la'asar. Shi ke biyan banki, ita ke cika tukunya, haka suka raba. 'Yan biyun mata ne, suna sakandare, sun gaji shirun ubansu a waje, sun gaji bakina a gida.

Shekara goma sha uku, duk ranar ɗaya ga wata, Uwar Biyu za ta goge masa farar riga, ya fita takwas da rabi, tara daidai yana gaban kanta a banki. Yarinyar da ke karɓar kuɗi har cewa take, "Baba Sakan ya zo, wata ya kama." Yakan dawo gida ya maimaita mana wannan magana kamar an ba shi lambar yabo.

Sai duniya ta yi abin da ta saba. Kowa ya koma duba lokaci a wayarsa. Masu agogon kirki suka yi ta mutuwa, 'ya'yansu suka jefa agogunan a akwati. Mutumin da ke buɗe cikin agogo ya jera haƙoransa kamar likita ya koma canjin batir da maɗauri. Idonsa na dama, na aikin, ya fara hazo. Kuɗin shago ya ƙaru. Bankin ma ya aiko cewa kuɗin wata ya tashi, wai saboda abubuwan da suka faru a wasu wurare da ba mu taɓa zuwa ba. Duk wannan na sani. Abin da ban sani ba, agogon falo ne ya gaya min.

Wani babban agogon bango ne mai gidan katako da ƙofar gilashi, da ƙarfe mai lilo a ciki, kyautar tsohon da ya koya masa aiki. Duk awa sai ya buga, har ɓerayen gidan sun san sautinsa. Wata safiya ina shan shayi na ji gidan ya yi wani irin shiru. Na ɗaga kai, agogo a tsaye.

"Sakan, gidan mai gyaran agogo, agogo a mace? Ko shi ma ya yi ritaya irina?"

"Mai yake so, Gwaggo. Zan duba."

Mako ɗaya, mako biyu, bai duba ba. Mutumin da ba ya iya barin maɓallin riga a karkace. Na ce a raina, a'a, ruwa ba ya tsami banza. Da ya fita shago, Uwar Biyu ta tafi kai ɗinki, na jawo kujera na hau, gwiwoyina suna zagina, na buɗe ƙofar gilashin.

Ambulan biyar na tarar, kowacce an yanka bakinta da wuƙa tsaf, an rubuta mata lamba da fensir, ɗaya zuwa biyar. A bayansu ƙullin kuɗi ne ɗaure da roba. Ƙullin ne ya yi ƙiba har ya tokare ƙarfen lilon.

Na sa tabarau na zauna. Wasiƙa ta farko da ladabi take: ba mu ga biyanka na wannan wata ba, in akwai damuwa ka zo mu zauna. Ta biyu ta fi ta ladabi ma: ana iya rage maka biya na wata shida, ana iya duba tsawon lamunin, ga lambar waya, ga sunan ofis. Ta uku ta fara ɗaure fuska. Ta huɗu ta ambaci lauya. Ta biyar ba ta yi sallama ba: kwana ashirin da ɗaya, sai kotu, sai gwanjon gida. Na duba kwanan watan, tara sun riga sun tafi.

Ban jira ya dawo ba. Na zuba komai a jaka, na yafa mayafi, sai layin masu gyara. Na same shi da madubi a ido yana leƙen cikin wani agogon roba da ko kyauta aka ba ni ba na so. Na zazzage jakar a kan farin ƙyallensa.

"Ga man da agogonka ke so."

Ya cire madubin a hankali. Bai yi musu ba, bai tambayi yadda aka yi ba.

"Wata nawa?"

"Biyar, Gwaggo."

"Ka karanta takardun?"

"Na karanta."

"Sun ce ka zo, ko ba su ce ba?"

"Sun ce."

"To ƙafarka ce ta karye, ko bankin ne ya yi ƙaura?"

Ya gyara zaman hantsaki a kan tebur, ya daidaita shi da bakin ƙyalle. "Bai cika ba. Watan farko abin da na haɗa kashi biyu ne cikin uku. Na ce in ajiye, wata mai zuwa in cika in kai duka. Da watan ya zo, sai ya zama na biyu ake bina. Ina tarawa, yana gaba."

"Ka kai musu abin da ke hannunka mana!"

"In tsaya gaban yarinyar nan da rabin kuɗi? Shekara goma sha uku ban taɓa ba. Da muguwar rawa gara ƙin tashi."

"Da hanau gara mannau, ɗan nan! Banki agogo ne da za ka kwantar a aljihun tebur sai ya daidaita? Ni na wanke zannuwan asibiti shekara talatin, na san zanen wanda ya zo da ciwonsa da wuri, na san na wanda ya ɓoye sai da aka ɗauko shi ranga-ranga. Kai ka zaɓi na biyu, kuma ka haɗa da mu."

Mai yanka makulli ya kashe injinsa don ya ji da kyau. Na leƙa na ce masa ya ci gaba da aikinsa, ba rediyo aka kunna ba.

Da yamma na sa shi ya faɗa wa Uwar Biyu da bakinsa. Na zaci za ta yi kuka ko ta ɗaga murya. Ta dai tsayar da keke, ta cire zare daga baki.

"Baban Biyu, wata biyar ina goge maka farar riga ranar ɗaya ga wata. Kana fita takwas da rabi. Ina kake zuwa?"

"Akwai benci a tsallaken titi, daura da bankin," in ji shi, kansa a ƙasa. "Nakan zauna zuwa tara da rabi, sannan in wuce shago."

Ta dube shi. Ta ce, "Da kuɗin a aljihunka?"

"Da kuɗin."

Ta mayar da ƙafa kan keke ta ci gaba da ɗinki, amma na ga layin ya karkace, ita da ba ta karkata layi.

Kwana uku muka yi muna neman taimako ta hanyar da muka sani. Muka je wurin ɗan ƙanwata mai motoci biyu. Ya ba mu lemo mai sanyi, ya cika mu da addu'a har tana zuba, ya ce da mun zo makon jiya. Kowa ka je wurinsa, makon jiya yana da kuɗi. Na kwance 'yan kunnena na zinariya, mai saye ya ɗora a sikeli, ya faɗi abin da ko rabin wata ba zai biya ba, na ce Allah ya sa haka za a auna ladansa. Na mayar da su kunne. Daga ƙarshe wata tsohuwar abokiyar aikina a ɗakin wanki, wadda surukinta ya taɓa shiga irin wannan rami, ta ce akwai ofishin da ke ba masu bashi shawara, ba a biyan ko sisi, a saman wani kantin magani.

Mu uku muka je, har da Uwar Biyu. Matakala ashirin da biyu, na ƙirga su da gwiwa. Ɗaki ne mai kujerun roba, da fanka mai juyawa kamar ba ta so, da mutane kowa rungume da ambulan, kowa na kallon ƙafarsa. Na ce wa Sakan, "Ka ga 'yan'uwanka. Kai da ka zaci kai kaɗai aka taɓa bi bashi tun da aka halicci duniya." Farar rigar ya sa.

Wadda ta karɓe mu 'yar siririya ce mai tabarau ya fi fuskarta. A raina na raɗa mata 'Yar Tabarau. Ta jera wasiƙun bisa lambobin da ya rubuta, ta ce, "Baba, ka iya ajiya."

"Ajiyar ce ta kashe mu," na ce.

Ta ɗauko takarda ta raba ta biyu: abin da ke shigowa, abin da ke fita. Ta tambaye shi abin da shago ke kawowa a wata. Ya faɗi wani adadi. Uwar Biyu ta ce, "Wannan na shekara uku da suka wuce ne."

"Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya," na ce. "Faɗa mata gaskiya, ba aurenka za ta yi ba."

Ya faɗi na gaskiyar, murya can ƙasa. Yarinyar ta rubuta, ba ta ɗaga gira ba, Allah ya yi mata albarka. Ta rubuta na ɗinki, ta rubuta ɗan fanshona, ta rubuta wuta da ruwa da makaranta da maganin hawan jinina. Sannan ta kwance robar ta ƙirga kuɗin agogo. Na wata uku ne da 'yan kai, cikin biyar.

Ta ɗaga wasiƙa ta biyu. "Baba, ka ga wannan? Da ka je a lokacin, abin da suka ce za su rage maka ya yi daidai da abin da kake tarawa duk wata. Har da ɗan saura. Da yanzu ba ka da ko wata ɗaya a kanka, muna zaune muna neman yadda za a yi gaba a natse."

"Na gani."

"To me ya hana?"

"Bai cika ba," in ji shi.

Ta dube ni, na dube ta. Na buɗe baki in yi abin da na saba, sai na ga ya kasa ko tattara wasiƙun da hannunsa, hannun da ke ɗaukar ƙusa mai ƙanƙantar ƙwayar yashi. Na haɗiye.

'Yar Tabarau ba ta yi mana alkawarin komai ba. Ta ce yanzu maganar ta bar teburin da ake sassauci ta koma teburin lauyoyi, an ɗora tara, an ɗora kuɗin lauya. Ta ce duk da haka ba a fasa zuwa, kuma kada ya ƙara kwana da kuɗin nan a gida. Ta ɗauki waya ta kira bankin a gabanmu. Suka sa mata wani kiɗa, minti arba'in muna sauraro, har na fara gyaɗa kai. Aka miƙa ta daga wannan zuwa wancan, tana maimaita lambar lamunin kamar mai bitar hadda. Ta samo mana zama jibi, ƙarfe goma, ta ce za ta raka mu.

Da muka shiga bankin, yarinyar kanta ta hango shi ta miƙe. "Baba Sakan! Lafiya? Mun yi ta cigiyarka, har na ce ko ba ka da lafiya ne." Na ji ya dafa kafaɗata, shi da ya kamata in dafa. 'Yar Tabarau ta ce a fara zuba abin da ke hannu. Ya tura ƙullin ta ƙarƙashin gilashi kamar mai miƙa kayan sata. Yarinyar ta sa a injin ƙirga, firrr, ta buga hatimi, ta miƙo rasit, ta ce, "Allah ya ƙara buɗi, Baba." Ko minti ɗaya ba a yi ba.

"Ka gani?" na ce masa a kunne. "Ko tambaya ba ta yi ba, ya cika ko bai cika ba."

Aka shigar da mu wani ɗaki mai sanyi kamar na ajiye gawa. Wani yaro mai kwat, sa'an jikan da ban samu ba, ya gaishe mu da ladabi har da rusunawa. 'Yar Tabarau ta baje takardunta. Ta nuna masa shekara goma sha uku babu latti ko na yini. Ta roƙi a ƙara shekarun lamunin don kuɗin wata ya sauko. Mai Kwat ya danna na'ura, ya jira, ya girgiza kai: in aka ƙara, Baba zai wuce shekarun da suke yarda da su kafin ya gama. Ta roƙi a raba abin da ya taru a kan watannin gaba. Ya danna, ya jira: abin da ke shigowa gidan ba zai ɗauka ba.

"Sa fanshona duka," na ce. "Ni ba na cin abinci da yawa, magana nake ci."

"Mama, shekarunki nawa?"

"Kai, ba a koya maka ba a tambayar budurwa shekarunta?"

Ya yi dariya, har da 'Yar Tabarau. Na faɗa masa. Ya danna. Dariyar ta ɗauke.

Nan na saki bakina. Bakin nan da ya taɓa sa babban likita ya ba mai shara haƙuri a gaban jama'a, bakin da ya kori mijin biyu da rana tsaka. Na ce masa mutumin nan ya biya ku fiye da rabin bashin nan. Na ce ku da kuka yi ta aiko takarda, wa ya hana ɗayanku ya tsallaka titi, ga shi can a benci duk ɗaya ga wata da kuɗinku a aljihu? Na ce a kira min wanda ya fi shi, in ma na'urar ce babba a juyo min da ita mu yi magana. Yaron ya saurara har na gama, bai katse ni ba. Ya ce, "Mama, wallahi da a hannuna yake. A wata na biyu yana hannuna. Yanzu ba ya."

Ban taɓa jin bakina ya zama abin banza ba sai ranar. Da zagina ya yi, da na san inda zan kama shi.

Abin da 'Yar Tabarau ta iya ƙwatowa, bayan awa biyu da kiran waya uku, shi ne wannan: a dakatar da kotu, a yafe rabin kuɗin lauya, a ba mu wata huɗu mu sayar da gidan da kanmu a kan farashinsa, maimakon gwanjo inda za a karya shi a sayar kamar tsohon kwano. A biya banki, abin da ya rage namu. A bakin ƙofa ta ce, "Baba, ka yi haƙuri, ban ceci gidan ba. Amma ba za ku fita hannu wofi ba." Ya yi mata godiya sau uku. Ya lura agogon hannunta yana latti da minti huɗu, ya ce ta kawo masa shago.

Wata uku masu saye suna shiga suna fita. Suna buɗe ƙofofi, suna ƙwanƙwasa bango, suna leƙa banɗaki. Wata mai jan baki ta tsaya a tsakiyar ɗakina, ina zaune a kan gadona, ta ce wa mijinta, "Nan zai yi wurin ajiye tarkace." Na ce, "Ai tarkacen ma yana jinki." 'Yan biyu suka daina kawo ƙawaye gida. Uwar Biyu ta riƙa ɗinki kamar mai gudun wani abu. Tsakaninta da mijinta babu faɗa, kuma da an yi faɗan da ya fi.

Wani mai aikin lantarki ne ya saya, da matarsa mai tsohon ciki. Su ma da lamunin banki. Na ja yarinyar gefe wajen bishiyar lemun tsami na ce, "'Yar nan, ranar da kuɗin wata bai cika ba, ki karɓi rabin daga hannunsa ki kai da ƙafarki." Ta yi dariya, ta ɗauka zolaya ce irin ta tsofaffi. Laifina ne, duk wanda ya saba wasa, ranar da ya yi gaskiya ma dariya ake masa.

Ranar tashi, da hantsi, an gama loda kaya, direban mota yana ta danna oda, aka nemi Sakan aka rasa. Na koma ciki. Na same shi durƙushe a lungu gaban famfo, ya kwance kan famfon, ya shimfiɗa farin ƙyallensa a ƙasa ya jera ƙusoshi a kai. Famfon ya yi wata biyu yana ɗiga.

"Sakan, gidan ba naka ba ne tun jiya."

"Na sani, Gwaggo. Ba a miƙa wa mutum rabin aiki."

Magana goma ta zo min baki, kowacce ta fi 'yar'uwarta kaifi. Na tsaya na riƙe masa sifana har ya gama. Ya buɗe, ya rufe, ya jira ya ga ko zai ɗiga. Bai ɗiga ba. Ya naɗe ƙyallensa muka fita.

Yanzu ɗaki biyu muke haya a bayan wani shagon sayar da fenti. Shi da Uwar Biyu da keken ɗinki a ɗaya, ni da 'yan biyu a ɗaya. Suna cewa ina minshari, ina cewa su yi aure su huta. Abin da ya rage na kuɗin gidan, 'Yar Tabarau ta sa an ajiye shi da sunan mutum biyu, shi da matarsa, kada ya sake shiga cikin wani agogo. Ya gyara mata nata, ya riƙe shi kwana uku kafin ya ba ta.

Duk ɗaya ga wata yana sa farar riga, tara daidai yana ƙofar mai gidan haya. Shago bai ƙaru ba, idon ma bai warke ba. Na sa shi ya rantse min cewa ranar da bai cika ba zai kai yadda yake. Ya ce to. Na san irin "to" ɗinsa tun yana shekara shida.

Babban agogon yana rataye a ɗan barandar da ke tsakanin ɗakunan, don babu falo. Kowace safiya kafin in sauko da ƙafa daga gado sai na kasa kunne. In na ji yana tafiya, sai in tashi in ɗora shayi. Amma ni ba yarinya ba ce. Mutumin da ya shekara arba'in a cikin agogo ba zai rasa inda zai cusa ambulan ba tare da ya taɓa ƙarfen lilo ba. Kujerar da nake hawa kuma an sayar da ita tare da kayan falo.